Sai Ta Yi Arba'in

Ranar da Asiya, matar yayana Mainasara, ta cika kwana goma sha biyu da haihuwa, na dawo daga Ƙaura da la'asar na tarar da ita zaune bakin murhu ta dafe ƙirji, gumi na zuba kamar an watsa mata ruwa. Gumi a Shinkafi cikin bazara ba labari ba ne, ko bango yana yi. Balle mai jego da ke shirin wankan yamma, ga tukunya tana tafasa a gabanta. Ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Gidanmu ɗaya da Yaya da mahaifiyarmu, Inna Kulu. Shi gabas, ni yamma, Inna a tsakiya tana ganin kowa. Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja tsakanin Shinkafi da Ƙaura Namoda, wata rana in leƙa Zurmi. Tsakanina da Asiya kuwa wasa ne irin na ƙanen miji da matar wa. Shekara goma sha biyar ba mu taɓa gaisawa mun rabu ba tare da wani ya tsokani wani ba.

Na ce, "Matarmu, lahiya kika riƙe ƙirji kamar mai rantsuwa gaban alƙali?"

Ta ce, "Sanda, wallahi kamar an aza mini buhun gero nan. Har hannun hagu nike jin shi, har muƙamuƙi."

Na ce son da take yi mini ne ya yi mata nauyi, ta rage shi. Ta yi dariya, don ba ta iya barin magana ta faɗi ƙasa, ta ce son direba ko kaza ba ya yi wa nauyi. Na wuce ɗakina na ci tuwo. Wannan ita ce gudummawata ta farko a cikin lamarin, kuma ba zan ɓoye ta ba.

Haihuwarta ta biyar ke nan. A gidanmu, haihuwar fari ake mayar da mace wajen iyayenta a yi mata komai. Ta biyu a taya ta. Daga ta uku ta zama 'yar gari, ta san hanya. Inna ke riƙe da dokar wanka: safe da yamma har kwana arba'in, ruwa ya tafasa sosai, a tsoma ganyen dogon yaro a fyaɗa, a fito a sha kunun kanwa. Sai dai Inna ta tsufa, baki take bayarwa ba hannu ba. Asiya ke jan ruwa a rijiya, ita ke faskare, ita ke sauke tukunyar nan da namiji ma sai ya yi nishi, ta kai ta bayi. Matata Zulai takan kama mata in Inna ta juya baya, don Inna ta ce mai jegon da ake lallaɓawa jikinta ɗanye yake tsayawa.

Da Zulai ta kai wa Inna maganar ƙirjin, Inna ba ta ko ɗaga kai daga carbinta ba. Ta ce sanyi ne ya samu ƙofa, kuma ta san inda ya bi: jiya ruwan bai tafasa yadda ya kamata ba. A ƙara itace. Aka ƙara.

Yaya Mainasara kuwa dillalin hatsi ne. Ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga wa Asiya hannu ba, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, ragon suna ma sai da mutum biyu suka kayar da shi. Amma mutum ne da in maganarka ba ta cikin buhu, rabin kunne yake ba ka. Da ta gaya masa, ya ce olsa ce, shi ma yana yin ta da azumi. Ya biya kemis ya sayo farin maganin nan na kwalba. Ta shanye kwalba guda cikin kwana uku, ƙirji yana nan inda yake.

Ranar kwana goma sha shida aka kai jaririya rigakafi, Zulai ta raka Asiya. Wata dattijuwar malamar asibiti ta lura daga ƙofa zuwa benci sau uku Asiya tana tsayawa ta dafa bango. Ta bar jaririyar ta koma kan uwar. Ta yi mata tambayoyi, ta auna ta, ta je ta kirawo likita. Likitan ya ce shi bai ga olsa a nan ba, zuciya yake zargi, kuma ba shi da na'urar da zai tabbatar. Ya rubuta takarda, ya ce a kai ta Gusau yau, in ya yi nisa gobe da safe, kuma kada ta ƙara ɗaukar abin da ya fi jaririyarta nauyi.

Bayan magariba muka zauna ƙofar ɗakin Inna, ni da ita da Yaya. Mai ciwon ba ta cikin zaman, tana can baya tana wanke kwanoni.

Tambayar Inna ɗaya ce: in an kwantar da ita a Gusau, wa zai dafa mata ruwa? Ba kowa. To wanka ya karye ke nan. Ta shiga lissafo mana matan da suka karya wanka. Wata a Badarawa ta kumbura har zobe ya nutse a yatsanta. Wata kuma ƙafa ta riƙe mata har ta mutu tana jan gindi. Ita kuwa haihuwa tara ta yi, ba ta taɓa tsallake ko wankan yamma ɗaya ba, ga ta nan tana taka ƙasa.

Ta ce, "Likita ɗan jiya na. Uwatai ma da ta haihe shi sai da ta yi arba'in, in ba haka ba da bai samu wadda za ta kai shi boko ba."

Yaya ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, ciwon zuciya ai na manyan alhazai ne masu tumbi, waɗanda suka ci kitse shekara sittin. Asiya shekararta talatin da huɗu, siririya kamar muciya, ba hawan jini, ba suga, ko goro ba ta ci. Ta ina? Sannan ga hanya yadda ta zama, mutum bai ɗauki mace da ɗanyen goyo ya hau titi haka kawai ba. Ya juyo ya tambaye ni. Na ce hanya tana nan yadda take, da safe ana wucewa, ni kullum a kanta nake, shi ma jiya ya bi ta zuwa Ƙaura da buhu arba'in na wake. Da nan na tsaya da na yi kyau. Sai na ƙara da cewa gaskiya ni ma ban taɓa jin ciwon zuciya ya kama mai jego ba. Gudummawata ta biyu ke nan.

Aka yanke: za a kai ta, ba wanda ya ce ba za a kai ta ba. Sai dai ta yi arba'in tukuna. Saura kwana ashirin da huɗu, kamar yau ne. Yaya ya linke takardar ya sa a aljihun babbar rigarsa ta Juma'a. Maganar kada ta ɗauki nauyi kuwa, Inna ta ce ta ji, a riƙa raba ruwan biyu. Wato maimakon ta ɗauki tukunya sau ɗaya, ta ɗauka sau biyu.

Kwana goma sha bakwai Asiya ta fara salla a zaune. Inna ta ce 'yan matan yanzu ko Allah ma sai sun nemi ragi a wurinsa.

Kwana goma sha tara ta fito daga wanka ta yi amai bakin rariya. Inna ta ɗanɗana kunun, ta ce kanwa ta yi kaɗan, ba mamaki.

A ranar Asiya ta sake samun Yaya yana shirin fita, ta ce masa abin nan fa in ya taso ji take kamar ranta zai fita. Ya ce ya sani, ta daure, kwana ashirin da ɗaya ne, ranar da ta gama ko rantsuwa ya yi da kansa zai kai ta. Mahaifinta, Malam Isah, ya bugo waya daga Zurmi yana tambayar mai jego. Yaya ya ce jiki Alhamdu lillahi, da sauƙi, ɗan sanyi ne. Ba ƙarya ya ɗauka yana yi ba. Haka ake amsawa.

Ni abin da ya fara tayar mini da hankali ba amai ba ne, ba salla a zaune ba. Ranar kwana ashirin da ɗaya na shigo na gan ta jingine da turmi, jaririya a cinya. Na ce, "Matarmu, an ce tun da kika haihu kika ƙara muni, na zo in gani da idona." Ta ɗago ta dube ni, ta ce sannu da dawowa. Shi ke nan. Na tsaya ina jiran sauran, ba saura. Asiyar da ko a ranar da aka yi mata rasuwar uwa sai da ta ce hulata ta yi kama da murfin kwano.

Na tambayi Zulai. Ta ce mini da rana Asiya ta kira ta ta nuna mata inda kayan jaririya suke, da wanda ke cin yaji da wanda ba ya ci a cikin 'ya'yanta. Na ce da safe zan yi wa Yaya magana. Da safe ya riga ni fita. Washegari ni na riga shi. Haka kwana biyu suka wuce, kowa yana da abin yi.

Kwana ashirin da uku ya faɗo ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ranar da direba ko zawo yake yi sai ya fita. Na yi sawu ɗaya, na dawo gida wajen hantsi don in ɗauki jak ɗin ɗaga mota da na manta. Tun daga zaure na ji muryar Zulai. Asiya na kwance ƙofar bayi, tukunya ta kife, ruwan zafi ya ɗaye mata bayan ƙafa, ita ko ta ƙafar ba ta yi. Leɓenta ya yi fari kamar ta ci toka. Inna na tsaye kanta da mafici tana cewa jiri ne, a ba ta iska.

Na ce wa Zulai ta kama mu sa ta mota. Asiya ta buɗe ido, da ƙyar maganar ke fita, ta ce, "Alhaji bai ba ni izini ba."

Na ce ni ƙanensa ne, na bayar. Ta girgiza kai. Inna ta ce yarinya ta fi ni hankali. Na buga wayarsa sau uku bai ɗauka ba, ranar kasuwa ko mala'ika ya kira shi sai ya jira.

Ni ban iya doguwar magana ba, kuma na san yayana. In na ja shi gefe, zai ce bari kasuwa ta tashi. In kasuwa ta tashi, zai ce yamma ta yi, ba a bin hanya. Saboda haka da na isa rumfarsa ban ja shi ko'ina ba. Yana tsakiyar buhuna, ga mutanen Jangeru sun kawo gero, ga baƙi daga Nijar, ga manyan dillalai biyu da yake jin kunyarsu suna zaune kan benci. Na yi sallama, aka amsa. Na ɗaga murya yadda nake kiran fasinja a tasha.

Na ce, "Yaya, matarka ta faɗi ƙofar bayi. Mako guda ke nan da likita ya ce a kai ta Gusau, takardar na aljihun rigarka ta Juma'a. Ta ce ba ta fita sai da izininka. Na zo in ji, asibiti zan kai ta yanzu, ko in jira in kai ta maƙabarta da la'asar? Mota ɗaya gare ni, kuma yau kasuwa."

Mai auna gero ya tsaya da kwano a hannu. Ɗaya daga cikin dillalan ya ajiye goron da zai kai baki ya ce, "Alhaji, mako guda?"

Yaya ya dube ni kamar ya haɗiye ni. Ya ce, "Wa ya hana? Ni na hana? Ku tahi mana."

Na ce ba ni zai gaya wa ba. Na kira wayar Zulai, na ce ta kara wa Asiya a kunne, na miƙa masa tawa. A gaban mutanen Jangeru da na Nijar ya ce, "Asiya, na yarda, ki tahi." Har yau bai yafe mini wannan ba, kuma ban nema ba.

Muka kwantar da ita a kujerar baya, Zulai ta rungumi jaririya. Ina shirin tayar da mota sai ga Inna da ƙullin ganyen dogon yaro da dunƙulen kanwa, ta ce in sa a but, in an samu wuri a can a ci gaba, kada a yi asarar kwana ashirin da uku. Na karɓa na sa. Uwa ce.

Tun daga Shinkafi na buga wa Malam Isah na gaya masa gaskiya ba ado. Kafin mu isa Ƙaura ya riga mu, yana tsaye bakin titi da buta a hannu. Ya leƙa ta taga ya dubi 'yarsa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wagga ita ta mai sauƙin?" Ya buɗe gaba ya zauna. Ya yi ta salati har Gusau.

A Gusau aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Suka ce bugun zuciya ne, kuma ba na yau kaɗai ba, ta yi wani a kwanakin baya ta tashi ta ci gaba da jan ruwa. Kwana uku suka riƙe ta, da ta ɗan daidaita suka tura mu Kano. Can aka zura wani siririn tiyo ta jijiyar hannunta har zuciya aka ɗauki hoto.

Likitan Kano ya zaunar da ni da Malam Isah ya yi bayani. Ya ce zuciya ma tana da jijiyoyin da ke ba ta jini. Na masu tumbi, kitse ke toshe su a hankali. Na Asiya ba kitse ko ɗigo. Bangon jijiyar ne ya tsage daga ciki da kansa, jini ya kutsa tsakanin fatar ciki da ta waje, ya kumbura ya matse hanya. Malam Isah bai gane ba, ni kuwa nan take na gane, don na sha fama da shi. Tiyon man mota yakan yi haka: ka dube shi daga waje lafiya lau, a ciki ya ɓare ya tare hanya, mota tana tafiya sai ta shaƙe ta mutu. Na faɗa wa likitan, ya ce ko shi bai iya faɗa haka ba.

Ya ce irin wannan ya fi samun mata, kuma masu lafiya, waɗanda ba wanda zai zarga. Makonnin farko bayan haihuwa na cikin lokacin da yakan zo, musamman ga wadda ta haihu da yawa, kuma yunƙurin ɗaukar kaya mai nauyi yana iya tayar da shi. Na tambaye shi kai tsaye ko wanka ne ya jawo. Ya ce ba zai ce haka ba, don yana samun matan da ba su taɓa jin sunan wankan jego ba. Ni ma ban ce ba. Abin da ya ce shi ne, tsagewar takan warke da kanta in an ba da magani, aka kwantar da mutum ana lura da shi, ba sai an yi aiki ba. Amma naman zuciyar da ya rasa jini a kwanakin da aka zauna, wannan ya mutu, ba ya dawowa. Ba ɗaukar kaya har abada. Wani cikin kuma, a yi tunani sosai, don yana iya zama ajalinta.

Yaya ya iso Kano ranar Litinin da lemo da ayaba. Duk abin da aka ce a biya ya biya bai yi gardama ba, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ya gan ta da tiyo a hanci ya fita waje ya daɗe, ya dawo ido ja, ya ce hayaƙin Kano ne.

Mun dawo da ita Shinkafi da ranta. Tana cin abinci, tana shayar da 'yarta, bakinta ma ya dawo. Amma Asiyar da ke jan guga talatin kafin hantsi, yanzu in ta share rabin tsakar gida sai ta zauna ta huta. Ƙwayoyi huɗu take sha kullum. Shekararta talatin da huɗu.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa a gidan ya samu labarin da zai ba su. Inna tana cewa ita ta fara lura, tun ranar da ta ga yarinyar tana salla a zaune ta san ba lafiya ba. In an ɗan jima kuma ta ƙara da cewa rashin ƙarfin nan da ake gani, ai wanda ya bar wanka a kwana ashirin da uku dole ya gani a jikinsa. Yaya yana cewa ciwon ne baƙo, likitan Kano da kansa ya ce ba kowa ya san shi ba, to shi dillalin hatsi a ina zai sani. Ni ina cewa ni na kai ta, ba na faɗin sauran.

Wata Juma'a bayan an sauko, dangin Zurmi suka zo, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Yaya na ba da labari, ya zo wajen da ya fi so. Ya ce matsalar mata zurfin ciki, mace tana mutuwa tana ce maka ba komai. Ya juya wajenta, da zuciya ɗaya, har da tausayi a muryarsa, ya ce, "Ke ma Asiya, don Allah, mi ya hana ki hwaɗa muna abin ya kai haka?"

Tana zaune jingine da bango, 'yar a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Alhaji, baki ɗaya gare ni, kuma da shi na hwaɗa. Sai dai in gidan ga akwai wani yare da aka jin ciwo da shi, a koya mini."

Inna ta ce a sha fura kada ta tsinke. Malam Isah ya dubi ƙasa. Ni na shiga neman takalmina, alhali yana ƙafata.

Akwai yaren, kuma duk wanda ke kan tabarmar nan ya san shi. A gidanmu, da gidaje da yawa daga nan har Zurmi, in mace tana tsaye tana magana, raki take yi. In ta zauna, lalaci ne. Sai ta faɗi ƙasa ake cewa ashe da gaske take. Ba mu doke ta ba, ba mu zage ta ba, ba mu hana ta abinci ba. Mun dai ba ta rana, muka ce ciwo ya jira, kamar shi ma ɗan gidan ne da zai ji maganar Inna.

Asiya ta faɗi, aka yi dace tana da sauran numfashin da ya kai ta Gusau. Ba kowace mace ke faɗuwa da saura ba.